Saƙon Malam zuwa Ƙairawan

Ina ɗan shekara 13 Malam ya sa ni a Risala. Na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, wata Asabar bayan sallar asuba ya miƙo mini littafin, warƙa-warƙa a cikin gafakar fata, ya ce in buɗe. Mu kusan goma ne a zauren, kowa da inda ya tsaya. Kai ka ja baƙi, Malam ya fassara gaɓa-gaɓa, har a kai inda ya ga kanka zai iya ɗauka, ya ce a dakata nan. Sunan mai littafin kuwa mun haddace shi kamar karatu: Abu Muhammadin Abdullahi ɗan Abu Zaidin Alƙairawani. Na daɗe ina jin kalmar ƙarshen nan a matsayin suna kawai. Sai daga baya na gane nasabar gari ce, kamar a ce Bakano ko Bakatsine, kuma garin yana nan har yau a tsakiyar ƙasar Tunisiya, mutane na ta saye da sayarwa a cikinsa.

Bara aiki ya kai ni Tunis taron mako guda. Da na je sallama na tarar da Malam a kishingiɗe kan buzunsa, shekaru sun haura 80, ido ya yi rauni. Da ya ji inda za ni sai ya tashi zaune.

"Tunus? To ai ka kusa Ƙairawan. In Allah ya ba ka iko ka gaishe mini da mai Risala. Ka kuma yi raka'a biyu a masallacin Uƙuba, ka zo ka faɗa mini yadda yake."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in sha Allahu."

Washegarin tashi daga taro na nufi tashar Munsif Bai, inda ake shiga motocin da suke kira luwaj, fararen ƙananan bas masu jan zane a jiki. Mutum 8 suke ɗauka, kuma kamar a tashoshinmu, sai ta cika take tashi. Tafiyar kilomita kusan 160 ce kudu da Tunis. Da farko gonakin zaitun ne jere-jere, daga baya ƙasa ta baje, itatuwa suka yi ƙaranci, sai tumaki da masu sayar da jan barkono da aka saƙa a zare aka rataye bakin titi. Iska busasshiya ce irin ta ƙarshen kaka a wajenmu. Wanda ke kusa da ni ya ce na yi sa'a da ban zo da bazara ba, don a watan Agustan 2021 zafin garin ya haura digiri 50. Can sai ya nuna mini gaba da yatsa. Hasumiya ce mai kusurwa huɗu, launin ƙasa, ta ɗago kanta sama da rufin gari.

Na ajiye jaka a masauki, na bi lunguna masu farin bango da shuɗayen ƙofofi har na fito gefen masallacin. Wanda bai sani ba zai ce ganuwa ce ko gidan yaƙi. Bangon dutse da tubali ne mai kauri, an tokare shi da manyan ginshiƙan gini daga waje, ba ado, ba fenti. Tsawonsa ya kai mita 125, faɗinsa kusan 75, filin da ya ci ya kai murabba'in mita 9,000. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wurin da yake. A Kano masallacin Juma'a na jikin gidan sarki ne, a cibiyar birni. Wannan kuwa yana can kusurwar arewa maso gabas, dab da ganuwar gari, bayanta ma maƙabarta ce mai fararen kaburbura. Na riƙe tambayar a raina na shiga.

Daga lungu mai ƙunci sai ka faɗo haraba mai faɗi wadda rana ta cika. Tsawonta kusan mita 65, faɗi 50, an shimfiɗe ta da fararen duwatsu, rumfuna masu baka sun kewaye ta. Bakan nasu ba irin bakan gizon da maginanmu ke ɗaurawa da azara ba ne. Nasu ya zarce rabin da'ira ya ɗan tsuke daga ƙasa, siffar kofaton doki. Masu yawon buɗe ido daga Turai suna ta ɗaukar hoto, don an yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga haraba da safe, ya leƙa cikin masallaci daga bakin ƙofa.

Ni abin da ya tsayar da ni a ƙasa yake. Na lura daɓen harabar ba a miƙe yake ba, ya ɗan gangara daga kowane gefe zuwa tsakiya. A tsakiyar akwai wani rami mai kusurwa huɗu na farin dutsen mabul, an sassaƙa shi hawa-hawa, kowane hawa da ƙananan lunguna masu siffar bakan nan na rumfuna. In an yi ruwa, duk abin da ya sauka a rufi da haraba nan yake gangarowa. Yana bin lungunan yana rage gudu, ƙura da yashi su kwanta, tataccen ya wuce manyan rumbunan ruwa da aka gina a ƙarƙashin daɓen. Wato akwai inda za ka taka a harabar nan, a kan ruwa kake tsaye. Nan da can akwai bakin rijiya da ake jan ruwan alwala, an fafe su daga gindin tsofaffin ginshiƙai. Na durƙusa gaban ɗaya. Igiyar guga ta ci dutsen, ta yi masa tsaga-tsaga masu santsi, wasu har yatsana ya shige ciki ya ɓace. Na tuna rijiyar gidan kakata da itacen bakinta da igiya ta sassaƙe cikin shekara 40. Wannan dutse ne. Hannu nawa ya ja guga a nan kafin ya yi haka? Na jima a wurin fiye da yadda na yi niyya.

Gefe kaɗan akwai ɗan dandamali mai matakala, a kansa agogon rana na shekarar 1843, wanda ladanai ke duba inuwarsa su san shigar azahar da la'asar.

Hasumiyar tana tsakiyar bangon arewa, tana fuskantar ƙofar masallaci. Tsayinta mita 31.5, gindinta mita 10.7 kowane gefe, hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, a can ƙoli ƙaramar ƙubba. Ta fi ta Agadas tsayi da 'yan mitoci, amma ba tsayin ne ke kama ido ba, nauyin ne. Tana zaune daram kamar tsauni, tana ɗan tsukewa yayin da take hawa. Tagoginta na gefen haraba suna ƙara girma daga ƙasa zuwa sama, na sauran gefuna kuwa 'yan tsagogi ne irin na maharba, alamar an gina ta don kiran salla da kuma tsaron gari. Matakala 129 ce a ciki, sai dai ba a barin baƙi su hau. Yawancin masana suna mayar da ita ga ginin shekarar 836, wasu na cewa hawan farko ya girmi haka da shekara ɗari. Ko wanne aka ɗauka, tana cikin hasumiyoyi mafiya tsufa da suka rage a tsaye a duniyar Musulmi, kuma wannan siffa mai kusurwa huɗu ce ta bazu a Magrib, wato yammacin Arewacin Afirka, da Andalus, ƙasar Sifen ta zamanin mulkin Musulmi.

A gindinta, kusa da ƙofa, akwai duwatsu biyu masu rubutun Latin na zamanin Rumawa. Ɗaya a daidai yake, ɗayan an kifa shi, kan rubutun yana ƙasa. Maginin bai damu da abin da aka rubuta ba, dutse mai kyau ya samu ya sa a inda ya dace. Na zauna a inuwar rumfa ina kallonsa, ina jujjuya abin da na karanta game da farkon wurin.

A shekara ta 50 bayan hijira, wato 670, Uƙuba ɗan Nafi'u Alfihiri ya sauka nan da rundunarsa, zamanin halifancin Mu'awiya. An haife shi tun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raye. Ya ƙi bakin teku saboda jiragen yaƙin Rumawa, ya zaɓi fili mai makiyaya don raƙuma. Sunan garin ma daga kalmar Farisa ce mai nufin ayari ko masaukin ayari, abin da mu za mu kira zango. Mutanen garin suna ba da labarin cewa wurin kurmi ne mai macizai da namun daji, Uƙuba ya tsaya ya yi musu kira su fita, aka ga suna ficewa ɗauke da 'ya'yansu. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ibnu Abdil Hakam, masanin tarihi na Masar, ya ruwaito cewa kafin kafa Ƙairawan, wajen 666, Uƙuba ya ratsa Fezzan, a kudancin Libiya ta yau, har ya kai Kawar. Kawar ɗin nan ita ce yankin Bilma a Nijar ta yau, inda ayarin raƙuma ke ɗauko gishirin da ake kawowa kasuwannin ƙasar Hausa. Shi kansa bai tsufa a garin da ya kafa ba. An kashe shi a 683 a Tahuda, kusa da Biskira ta Aljeriya, can kabarinsa yake.

Masallacin da ya gina ƙarami ne, na tubalin ƙasa, kuma gwamnonin da suka biyo baya sun yi ta rushewa suna sakewa: Hassanu ɗan Nu'umanu wajen 703, Yazidu ɗan Hatimu wajen 772. Wanda muke gani yau aikin sarakunan Banu Aglab ne, masu mulkin ƙasar da sunan halifan Bagadaza. Ziyadatullahi na farko ya rushe tsohon a 836 ya ɗora wannan. An ruwaito yana cewa ba ya fargabar abin da zai tarar ranar ƙiyama matuƙar akwai ayyuka huɗu a littafinsa, na farkonsu ginin wannan masallaci.

Da aka kira la'asar masu hoto sun riga sun watse. Aka buɗe ƙofofin katako masu sassaƙa, na cire takalmi na shiga.

Sanyi ne ya fara tarbata, sai duhu-duhu, sai ido ya saba ya fara ganin ginshiƙai. Ko'ina ka juya su ne, sahu bayan sahu, kamar ka shiga gonar dabino. Layi 17 ne daga haraba zuwa alƙibla, na tsakiya ya fi sauran faɗi da tsayi, da ƙubba a farkonsa da wata a ƙarshensa bisa mihirabi. Littattafai sun ce ginshiƙai 414 ne a cikin ɗakin salla, a masallacin gaba ɗaya kuwa sun haura 500. Mutanen gari suna da camfin cewa wanda ya ƙirga su duka zai makance. An shimfiɗa tabarmi, an kuma naɗe gindin ginshiƙan da tabarma don masu jingina. Daga sama manyan fitilu ne masu hawa-hawa, kowace da ƙananan kofunan gilashi da yawa.

In ka matsa kusa sai ka ga ba biyu da suka zama ɗaya. Wani fari ne, wani kore-kore, wani ja mai ɗigo, wani dutsen ƙanƙara ne mai toka-toka. Ba a sassaƙa su don masallacin ba. An kwaso su ne daga kangayen biranen Rumawa, Kartaj da Subaitila da Susa da wasunsu, an jawo su tafiyar kwanaki. Kawunansu na ɗauke da sassaƙar ganyaye irin ta mutanen da, kowane da salonsa. To yaya aka yi rufi ya zauna daidai a kan ginshiƙan da ba tsayinsu ɗaya ba? A nan gwanintar take. Gajere an ƙara masa dutse a gindi, an ɗora wa kowane allon katako da guntun dutse a ka har kawuna suka daidaita, sannan aka ɗaura baka a kai. Tsakanin baka da baka an gitta sandunan katako suna riƙe juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan magini yana neman azara biyu masu tsayi ɗaya zai san wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Shekara kusan 1,200 ke nan rufin yana zaune.

Muka yi sahu. Dattijon da ke damana, da jar hula da farar alkyabba ta ulu, ya kabbarta ya saki hannuwansa. Na dubi sahun, rabi sun yi ƙabalu, rabi sun yi sadalu, ba wanda ya kalli wani. Liman ya yi sallama ɗaya. Ban san sanda idona ya ciko ba. Na yi salla a ƙasashe da dama inda nake jin ni baƙo ne, ana satar kallon hannuna. A nan sai na ji kamar a masallacin unguwarmu nake, a bayan Malam.

Bayan salla na yi wa dattijon sallama da Larabcin makaranta. Ya tambayi daga ina, na ce Najeriya, Kano. Ya ce me ya kawo ni, na ce malamina ne ya aiko ni gaida Ibnu Abi Zaid. Ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Kuna karanta Risala a can?"

Na ce, "Baba, ba a kiran mutum ɗalibi a wajenmu sai ya bi ta kanta."

Bai sake hannuna ba, ya ja ni har gaban mihirabi.

Duk ƙawar da aka hana bangon waje, a nan aka tara ta. Aikin sarki Abu Ibrahim Ahmad ne, wajen 862 zuwa 863. Cikin mihirabin an jera allunan farin mabul 28, wasu an sassaƙa musu ganye da reshe, wasu an huda su kamar rariya. Saman kuwa rabin ƙwarya ne na katako, an zana masa rassan inabi da ruwan zinare. A bangon da ya kewaye shi an kafa tayil 139, kowane an karkata shi ya tsaya kan kusurwarsa. In ka tsaya cak launinsu ƙasa-ƙasa ne da rawaya. In ka gusa taki ɗaya sai su yi walƙiya kamar zinare, ka sake gusawa su mutu. Babu zinare a jikinsu. Maginan tukwane na Iraƙi ne suka gano dabarar: a gasa tayil da farin gilashi, a yi zane a kansa da haɗin azurfa da tagulla, a sake gasawa a wuta mai hayaƙi, ƙarfen ya bar wani siririn ƙyalli a fuskar. Tsofaffin ruwayoyi sun ce daga Bagadaza aka kawo su, wani mutumin Bagadaza kuma ya ƙara yin wasu a nan. Babu wani wuri a duniya da irin wannan tayil na wancan zamani ya rage da yawa haka a inda aka fara kafa shi. Na ɗaga kai, ƙubba tana bisa kanmu, an tsaga cikinta gida 24 kamar jikin kabewa, haske na shigowa ta ƙananan tagogi.

Dattijon ya ce in sunkuya in leƙa ta hudojin mabul. Na leƙa. Akwai ɗan sarari a baya, da wani tsohon bango a cikin duhu. Ya ce wannan mihirabin Uƙuba ne. Labarin yana cikin littafin Albakari, masanin ƙasashe na Andalus: da Ziyadatullahi ya zo rushe masallaci ya so ya haɗa har da mihirabin, don ba ya son a ga aikin wani a cikin gininsa. Aka ce masa duk waɗanda suka gabace shi sun bar shi saboda Uƙuba ne ya kafa. Ya nace. Sai wani magini ya kawo shawara a saka tsohon tsakanin bango biyu, ba a rushe ba, ba a kuma gan shi ba. Sarki ya yarda. Masu binciken gini suna da ja a kan ko bangon da ake hangowa shi ne ainihin na Uƙuba, amma ni maginin nan ne ya tsaya mini a rai. Ya san halin sarakuna, ya kuma san darajar abin da ya tarar, ya nemo hanyar da kowa zai tsira. Na tuna masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajen shekarun 1830, wanda shi ma aka lulluɓe da sabon gini aka bar bakan gizonsa a ciki, da yadda wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023. Mu da muke gini da ƙasa aikinmu ya fi nasu wuya, don ƙasa tana son yaɓe duk shekara. Amma sau da yawa ba damina ce ke cin tsofaffin masallatanmu ba, mu ne muke kai musu diga da hannunmu don muna ganin siminti shi ne ci gaba. Abin yana yi mini ciwo.

Alƙiblar kanta ta karkata kudu fiye da yadda na'urar waya ke nunawa, kamar yawancin tsofaffin masallatan Magrib. Ana ba da labarin cewa da aka yi saɓani kan alƙibla, Uƙuba ya ji kabbara a gabansa da asuba, ya bi ta da tuta har inda ta yanke, ya kafa a nan. Malamanmu na Malikiyya dai sun ce wanda ke nesa da Makka fuskantar ɓangaren da Ka'aba take kawai ake nema gare shi, kuma a kan wannan bango aka yi ta sahu tun daga wancan zamani.

Dama da mihirabi ga mumbari, an kare shi da gilashi. Shi ne mumbari mafi tsufa da ya rage a duniya, na zamanin Abu Ibrahim ɗin nan. Katakon saj ne, itacen ƙasar Indiya, matakala 11, an harhaɗa shi daga guntaye sama da 300. Kowane ɗan allo da sassaƙarsa: wani saƙar tabarma, wani tauraro, wani itace mai 'ya'ya, wani ganyen inabi da ya naɗe kansa. Na yi ta neman biyu masu kama ɗaya a gefen da nake iya gani, ban samu ba. Kusa da shi akwai keɓaɓɓen wuri da aka kewaye da katangar katako, maƙasura, inda sarki ke salla. Mu'izzu ɗan Badis ne ya sa aka yi ta a farkon ƙarni na 11, sunansa na jiki da rubutun Kufi wanda haruffansa ke tohowa da ganye.

Muka zauna jikin wani ginshiƙi muna jiran magariba. Dattijon ya buga tafinsa a kan tabarma ya ce a irin nan ake zaman karatu, kowane malami da ginshiƙinsa, ɗalibai sun yi masa da'ira. A garin nan Asadu ɗan Furatu ya karantar, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina, daga baya ya jagoranci rundunar da ta haye Sisiliya a 827 yana tsoho. A nan Sahnunu ya zauna bayan ya dawo daga Masar wurin Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, da amsoshin da suka zama Mudawwana, babban littafin fikihun Malikiyya. Ya yi alƙalancin garin, ya rasu a 854. Mas'alar sakin hannun da na gani a sahu ma a cikin Mudawwana take. Shi kuwa mai Risala an haife shi a 922, ya rasu a 996, ya rayu a zamanin da Fatimiyyawa 'yan Shi'a ke da iko da ƙasar, malaman Malikiyya suna cikin matsi. Wani malamin yara, Muhrizu ɗan Halaf, shi ya roƙe shi ya rubuta taƙaitaccen littafi da za a koya wa yara aƙida da hukunce-hukunce tun suna ƙanana. Littafin yara ne tun asali. Ya bi ayari ya ƙetare Sahara, ya shiga Timbuktu da Agadas da Katsina da Borno, har ya iso hannun yaro ɗan shekara 13 a wani zaure a Kano, bayan shekara dubu.

A nan na yi masa tambayar da na shigo da ita, ta zaman masallaci a gefen gari. Ya ce da a tsakiya yake, babbar kasuwa na bi ta jikinsa, garin ne ya tsuke ya bar shi. Mu'izzu mai maƙasurar nan ya yanke biyayya ga Fatimiyyawan Masar, su kuma suka sako masa ƙabilun Banu Hilal. Suka karya rundunarsa a 1052, a 1057 suka shiga Ƙairawan suka washe ta. Sarki ya koma Mahadiyya bakin teku, malamai da mawaƙa suka watsu zuwa Sisiliya da Andalus da Fas. Garin da aka sake kewayewa da ganuwa daga baya bai kai na da ba, sarauta kuma ta koma Tunis. Masallacin dai ba a bar shi ba. Sarakunan Banu Hafs sun gyara shi, su suka gina ƙofar Lalla Raihana ta gefen gabas a ƙarshen ƙarni na 13. A 1988 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Da magariba liman ya yi karatu a bayyane da ruwayar Ƙaluna. Mu Warshu muka tashi da ita, amma su biyun almajiran Nafi'u na Madina ne, don haka kunnena bai sha wuya ba, tun daga Fatiha na ji gida.

Da safe na leƙa tafkunan Banu Aglab a bayan ganuwa, su ma aikin Abu Ibrahim ne. Babban zagayayye ne, faɗinsa mita 128, da ƙarami a jikinsa inda ruwa ke fara sauka laka ta kwanta, dabara ɗaya da ta harabar masallaci. Na sayi makrud, wani cincin na garin alkama mai dabino a ciki da ake tsomawa a zuma, don tsarabar gida. Daga nan na shiga neman mai Risala. A gidansa aka binne shi, cikin tsohon gari, kuma sai da na tambayi mutum uku kafin wani yaro ya kai ni bakin ƙofar a wani lungu. Wuri ne ƙarami, shiru, ba taro. Na tsaya na yi sallama, na yi masa addu'a, na ce Malam na gaishe shi. Na ambaci sunan Malam da na malamin Malam, iyakar inda na san silsilar.

Kafin azahar na koma masallaci na yi raka'a biyun da aka aiko ni, na fito haraba na zauna kusa da rijiyar nan mai tsagogi. Agogon Tunisiya da na Najeriya ɗaya ne, na san yanzu Malam ya tashi daga karatun hantsi. Na kira wayar ɗansa, aka kai masa.

"Allah gafarta Malam, na isar da saƙo. Ina cikin masallacin yanzu."

"Alhamdu lillahi. Yaya yake?"

Na fara ba shi labarin ginshiƙai, da ruwan da ke ƙarƙashin daɓe, da bangon da aka ɓoye a bayan mihirabi. Ina cikin magana ladan ya ɗaga murya daga hasumiya, tattabaru suka tashi daga kan rumfuna.

Malam ya ce, "Dakata. Kiran salla nake ji?"

Na ce shi ne.

"To yi shiru, ɗaga wayar sama."

Na miƙe tsaye na ɗaga ta wajen hasumiya. Ta cikin wayar ina jiyo shi can ƙasa-ƙasa yana amsa wa ladan, kalma bayan kalma, har aka kai ƙarshe.